Direban da Ya Ƙi Zama a Gefe

An yi wani mutum a nan Samaru. Ba zan faɗi sunansa ba, domin iyalinsa suna da rai, kuma wasunku sun taɓa shan ruwa a gidansu. Matashi ne majiyi ƙarfi. Ba ya shan barasa, ba ya neman mata, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Har yana cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarsu. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Koko da zafinsa yake kurɓa har ya ƙone harshe. In ana addu'ar rufe sujada, ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa.

Ya yi shekaru yana acaba tsakanin Samaru da Sabon Gari. Duk lokacin da tirela ta wuce shi a Kwangila ta bule shi da hayaƙi, sai ya ɗaga kai ya dubi direban can sama, zuciyarsa ta ce masa, da me wannan ya fi ka? Ya dage ya koyi tuƙin babbar mota, ya yi lasisi. Ba laifi a nan, ya 'yan uwa. Neman na kai ibada ne, kuma abincin da kuka ci da safen nan, wani direba ne ya kawo shi gari.

Da lasisi ya zo hannu, sai ƙofa biyu suka buɗe masa.

Ta farko, kawunsa ne ya kai shi, ƙanen mahaifiyarsa, wani tsohon direba da ake kira Baba Dominic. Kamfanin yana Jushi, na wani ɗan kasuwa ne mai suna Uzodinma, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Masara da waken suya suke kaiwa kudu. Motocinsu tsofaffi ne, amma ba wadda ke fita gareji sai bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito. Kuma dokarsu ita ce, sabon direba sai ya zauna a gefen tsohon direba, ya ga damina ya ga rani a kan hanya, kafin a ba shi motar kansa.

Mutumin nan ya zaro lasisinsa ya ce, "Oga, ai na iya. Ga shaida."

Uzodinma ya duba, ya mayar masa, ya ce, "Ɗana, wannan ya nuna ka iya tafiya. Ni so nake in ga ka iya tsayawa. Zauna gefen kawunka tukuna."

Ya fito ransa a jagule. Shi da ya bar acaba don ya hau sama, a ce kuma ya koma fasinja?

Ƙofa ta biyu, wani abokinsa ne na yarinta daga Palladan, mai suna Nelson, ya nuna masa. Nelson ya yi ƙiba, ya yi sabuwar waya, shi ne mai raba wa direbobi aiki a wani kamfani da ke can ta hanyar Basawa. Ya ce masa, "Kai, bar tsofaffin nan su tsufar da kai. Mu a wajenmu ba zaman gefe. Ka zo da safe, da yamma makulli yana aljihunka. Iya sawunka, iya samunka."

Ya je ya gani. Ku saurara da kyau, domin a nan zunubin ya fara, ba a kan titi ba. Katanga ce doguwa, ba allon suna. Ba wanda ya taɓa ganin mai kamfanin. Ya ga tayoyi sun cinye sumul kamar tafin hannu. Ya ga wani direba kwance a ƙarƙashin mota da tsakar rana, ido jawur a buɗe, bakinsa yana motsi shi kaɗai. Ya ga ana lafta wa tirela siminti har bayanta ya durƙusa. Duk ya gani. Allah bai rufe masa ido ba. Shi ne ya kau da kai, ya kafa ido a kan wata jar mota mai sabon fenti, da aka ce ita ce tasa in ya amince.

Ya dawo gida ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito tsakar gida, ya leƙa waje, ya dawo. Matarsa Dinatu tana tankaɗe, 'yarsu ƙarama Christabel tana wasa kusa da ita. Dinatu ta ji labarin duka, sannan ta ce, "Baban Christabel, ka tambaye su direban da ke jan jar motar nan kafin kai, ina yake?"

Ya ce, "Ke me kika sani a harkar mota?"

Ta ce, "Ban san komai ba. Amma tuwon da aka ce ba mai shi, ni ina tsoron sa hannu."

Baba Dominic ma ya tako da ƙafarsa har gida. Ya ce, "Ɗana, kana ganin mota kake zaɓa. Ubangida kake zaɓa. Ranar da motar za ta yi maka gardama a daji, muryar da za ka ji a waya ita ce kamfanin. Wani zai ce ka tsaya, wani zai ce ka taho. Ka zaɓi wadda kake so ka ji."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Kawu." Washegari ya tafi Basawa ya karɓi makulli.

Da farko abin ya yi daɗi. Ai haka Shaiɗan yake, ba ya fara ba ka maɗaci. Ya sauya kujerun ɗaki, ya yi wa Dinatu zannuwa. In ya shigo gari sai ya faka tirela a bakin titin Samaru, ya danna hon har sai unguwa ta fito kallo. Wata rana ya cim ma motar kawunsa a hanyar Kaduna tana tafiya a hankali, ya wuce ta fuu, ya miƙo hannu ta taga yana dariya.

Amma wayarsa ba ta hutawa. Kana ina? Me ya tsayar da kai? Mai kaya yana jira. Ya sauke a Legas, a juya shi Sakkwato. Ya sauke a Sakkwato, a ce wani lodi yana jiransa. Ya ce wa Nelson barci yana neman kayar da shi a kan sitiyari. Nelson ya yi dariya, ya damƙa masa ƙwaya a tafin hannu ya ce, "Kowa da ka gani a garejin nan da wannan yake aiki. Ka sha da shayi."

Ya dubi ƙwayar nan. Ya san mece ce. Ya sha.

Daga ɗaya ta koma biyu, daga biyu ya daina ƙirga. Lahadi ta zama kamar Talata a wurinsa, aka nemi muryarsa cikin mawaƙa aka rasa. In ya zo gida ba ya barci, ba ya hira, sai kaɗa ƙafa da taune leɓe. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi. Christabel da ke rugowa ta tarye shi ta koma laɓewa bayan uwarta. Dinatu ta yi kuka, ta roƙe shi ya koma wurin Kawu. Ya ce bari ya ƙara 'yan sawu kaɗan, ya sayi fili, sannan ya bari. Ya 'yan uwa, mutum nawa ne suka tafi lahira da "bari in ƙara kaɗan" a bakinsu?

Ana nan, wata rana ya taso daga Gusau da lodi fiye da ƙima. Kafin ya kai Funtuwa ya ji motar tana huci ta ƙasa, tsss, kamar maciji. Babbar mota da iska take kama birki, in iskar ta zurare, birki ya tafi. Ya tsaya wurin wani bakanike a bakin hanya. Bakaniken ya shiga ƙasa ya fito yana goge hannu, ya ce, "Maigida, bututun iska ya tsage. Babu irinsa a nan, sai gobe a kawo daga Kano. Ka kwana."

Ya kira Nelson. Nelson ya ce, "Kwana? Ga Zariya nan kusa? Ka ɗaure shi ka lallaɓo, in ka iso a duba. In kuma ba za ka iya ba ka faɗa mini, akwai masu jiran makullin nan a bakin ƙofa."

Ya ce wa bakanike ya ɗaure masa da roba. Bakaniken ya ce, "Ni ba da hannuna ba." Sai mutumin nan ya durƙusa ya ɗaure da kansa. Ya watsa ƙwaya a baki, ya hau, ya taka totur.

Ya wuce Giwa lafiya. Ya wuce Shika lafiya. Zuciyarsa ta ce masa, ka gani ko, tsoron banza ne. Ya shigo Samaru da rana tsaka, daidai lokacin da aka tashi daga makaranta, titi ya cika da ɗalibai da masu keke da masu talla. Wata mota ta tsaya a gabansa za ta sauke fasinja. Ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ba abin da ya kama. Ya sake takawa. Ya nemi sauke giya, hannun da ƙwaya ta cinye ya kasa samun gurbi. Ya danna hon, ya murɗe sitiyari, motar ta bar titi da dukan nauyinta.

Ta bi ta kan wani keke napep da ke tsaye a gefe. Ta bi ta kan teburin wani dattijo mai sayar da rake. Sai da ta daki katanga sannan ta tsaya.

Mai keken ya mutu nan take, ya bar mata da ciki. Dattijon ya cika a hanyar asibiti. A cikin keken akwai wata malamar firamare da yara ke kira Anti Funmilayo, ta taso daga aiki da jakar littattafan 'yan ajinta a cinya, ita ma a nan ta cika. Ita ce malamar ajin su Christabel. Ita ta koya wa 'yarsa rubuta sunanta.

Shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Waɗanda suka ɓalle ƙofa suka jawo shi, da niyyar su kashe direban, sai suka ga ɗan unguwarsu ne. Wani tsohon abokin acabarsa ya riƙe wuyan rigarsa, ya ɗaga hannu, ya kasa dukansa, sai kawai ya fashe da kuka yana cewa, "Kai ne? Kai ne?"

Aka gwada jininsa aka sami ƙwaya. Aka nemi kamfani. Wayar Nelson a kashe. Da aka matsa, sai wani lauya ya zo ya ce ba su taɓa ɗaukar wannan mutum aiki ba, motar ma ba da izini ya fita da ita ba. Kafin a gama shari'a an kwashe motocin daga garejin Basawa, an koma wani gari da wani fenti. Shi kaɗai ya tsaya gaban alƙali. Baba Dominic ne kawai ke zuwa kotu, ya zauna a baya da hularsa a hannu.

Dinatu ta kasa zama a Samaru. Ina za ta bi ta je kasuwa ba ta wuce wurin ba? Yara a makaranta suka daina zama kusa da Christabel. Dinatu ta tattara, ta ɗauki 'yarta ta koma ƙauyensu wajen Zonkuwa.

Na je na gan shi a gidan yari. Ya rame, furfura ta fito masa tun lokacinta bai yi ba. Na fara ba shi haƙuri irin yadda muka saba, na ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya girgiza kai ya ce, "Fasto, kada ka ce tsautsayi. Na sani. Tun daga Funtuwa na sani. Da hannuna na ɗaure robar nan."

Muka yi addu'a. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma na gaskata Ubangiji mai jinƙai ne. Amma tuba ba ta tayar da Anti Funmilayo ba. Mijinta har yau shi ke yi wa yaransu wanka da safe.

Ya 'yan uwa, mene ne zunubin mutumin nan? Kada ku ce ƙwaya, ƙwaya daga baya ta zo. Zunubinsa kwaɗayi ne da girman kai, da ganin gaskiya ƙiri-ƙiri a kau da kai. Ya raina zaman gefe. Ya ɗauka haƙuri na ragwaye ne. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ba nasa idon kaɗai ba.

Ku matasa da ke zaune can baya, na san wasunku lasisi yana aljihu, zuciya tana tafasa. Na san gida akwai matsi, ban manta ba. Amma in ka shiga gareji neman aiki, kada ka fara tambayar nawa ne. Sunkuya ka dubi taya. Dubi idon direbobinsu. Tambayi ina wanda ya bar kujerar da za a ba ka. Ka tambaye su, in na gaji a hanya na kwanta, me za ku ce? Wanda ya miƙa maka makullin tirela ran da ya fara ganinka, ba ƙaunarka yake yi ba. Ranka ne ba shi da tsada a wurinsa, balle ran mai rake a bakin titi.

Ku kuma masu motoci, da masu riƙe waya a ofis kuna cewa "lallaɓo," kada ku ɗauka sabon fenti zai ɓoye ku. Akwai kotun da ba a aika lauya.

Ku mata da iyaye, in kun ga alama ku yi magana, ko za a ce ba ku san komai ba.

Allah ya kiyaye mu daga gaggawar da ke kai mutum rami. Allah ya kiyaye mu daga ubangidan da ba ya tsoronsa. Ya ba 'ya'yanmu da ke kan hanya zuciyar tsayawa in lokacin tsayawa ya yi, ya ta'azantar da gidajen da aka bari da maraici, kada ya bar jinin kowa a hannunmu. Allah ya kiyaye mu. Amin.