Ya Laɗif Goma Sha Huɗu

Akwai wani bawan Allah a unguwar Mahjar da ke Jidda, sunansa Abdulghani. Abin da ya gada a wurin mahaifinsa bai wuce wata doguwar mota ta shekarun saba'in ba, amma yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya.

Da ya ga ana yayin mota mai jan ciki, sai ya sa aka yanke mata sifirin ɗin gaba, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, ta durƙusa. Kyau kam ta yi, ba na hana ta. Sai dai duk tudun rage gudu da ta hau, wanda mutanen Jidda ke kira maɗabbi, sai cikinta ya gogi ƙasa.

Kowace Juma'a a motar yake kai mahaifiyarsa, Hajiya Mastura, gidan ƙanwarta a unguwar Bagdadiyya. Fitar da take yi ke nan a mako, kuma shi ne lokacin da ya fi so a rayuwarsa. Kwatsam sai Hajiya ta fara kawo uzuri. Yau zafi, wani mako gajiya, har Juma'a uku. Abin ya dame shi ƙwarai.

"Ummi, ko motar ce?"

"Motar me? Ka gyara kayan ubanka, Allah ya yi maka albarka."

Shi ne ɗan farinta. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa kuka. Gogan naku kuwa ya ɗauki kawaici a matsayin yabo.

Gugar ƙasar ce kawai ta kai shi unguwar Khumra, garejin wani dattijon bakanike ɗan Hausawan Sudan, Mu'allim Na'ibi.

"Mu'allim, ka hana ta gugar ƙasa. Amma wallahi ko yatsa ɗaya kar ka ɗaga min ita."

Dattijo ya leƙa ƙarƙashi, ya ga motar ta zauna daram a kan robar da ke tare ta idan ta dire, shokozoba ba ta da wurin motsi. Bai yi musu ba, sai ya tambaya: "Wa kake ɗauka a gaba?"

"Ummi."

"Ni ba na gwada mota babu mai kujerar. Ka lallaso ta ranar Juma'a, zan zauna a baya."

Da ƙyar Hajiya ta yarda. Suna isa Bagdadiyya ta shige gida, Mu'allim ya ce, "Goma sha huɗu."

"Me ke nan?"

"Ya Laɗif ɗin da ta faɗa."

Abdulghani ya yi dariya. "Ai zikirinta ne, kullum sai ta yi."

"Ɗana, maɗabbi goma sha huɗu muka hau. Zikirin da ba ya fitowa sai an hau maɗabbi, kuma hannu dafe da ƙugu, ciwo ne."

Sai a lokacin Abdulghani ya gane. Wata biyar yana jijjiga ƙashin tsohuwa, yana jin daɗi wai tana ambaton Allah. Kunya ta rufe shi.

"Halas, Mu'allim. Ɗaga ta yadda ka ga dama."

Mu'allim bai ɓata masa kwalliya ba. Ya cire yankakkun sifirin, ya sa gajeru waɗanda aka ƙera don haka, ya kawo shokozoba daidai tsawonsu, ya rage robar. Yatsa biyu kacal motar ta tashi. Abokai suka yi ta tsiya wai amarya ta miƙe tsaye, shi ko a jikinsa.

Juma'ar da ta biyo, Hajiya ta shiga tana ɗari-ɗari. Aka wuce maɗabbi na farko, motar ta haye lumui. Can sai ta saki jiki ta jingina, ta shiga ba shi labarin ranar da mahaifinsa ya kawo motar gida, har da dariya.

Ya rage gudu zai tsaya a ƙofar ƙanwarta, sai ta taɓa hannunsa.

"Kai, kar ka tsaya tukuna. Yalla, bi da ni ta bakin teku, ma dawo."

Darasi: Ba duk shirun iyaye ne yarda ba, wani kawaici ne. Kada son burge mutanen waje ya hana ka lura da wanda ke zaune kusa da kai. Ku tura wa duk wanda Allah ya bar masa uwa ko uba a raye.