Mutumin da ya rufe ramin da babu iri

An yi wani mutum a ƙauyenmu, yamma da Yako, shekarar da ruwa ya yi mana gardama. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna nan da rai. Mai bi ne kamar mu, tare aka yi mana baftisma a rafi. Yana da mata, Hasana, tana jego.

Ya 'yan uwa, ku yaran yanzu ba ku san wuya ba. Ruwan fari ya sauka, muka yi shuka, ta fito ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Ni da kuke gani ban taɓa shiga aji ba, amma na ci tafasa ba gishiri, na ci dusa, ban kai gwiwa ƙasa ba sai wajen addu'a. Maza da yawa sun faɗi, ni ina tsaye.

Da hadari ya sake haɗuwa, dattijon ikilisiya, Baba Habu, ya buɗe rumbun baiko, inda masu bi ke tara hatsin da suka ba Allah. Ya auna wa kowane magidanci dawa, ya ce, "Wannan iri ne, ba tuwo ba. Ku ba ƙasa."

Mutumin nan ya karɓi nasa. A hanya ya dubi sama, ya ce a ransa, sau biyu ƙasa ta cinye mini, Allah ya juya mana baya, me zai sa in ƙara mata? Ya shiga gida ya miƙa wa Hasana, ya ce dattawa ne suka ba su na ci. Ta daka, ta dama kunu, ta sha tana sa wa Baba Habu albarka.

To amma idon jama'a fa? Da safe ya saɓa sungumi ya tafi gona shi kaɗai. Ya sara rami, ya sunkuya kamar mai zuba iri, ya rufe da diddige. Haka ya bi gonar layi layi, gumi na zuba. Wahalar mai shuka duk ya sha ta, hannunsa kuwa babu komai.

Baba Habu ya biyo ta kan iyaka. "Sannu da aiki. Ka kusa?"

"Saura gefen tsamiya, Baba."

"Ubangiji ya sa albarka."

Ya ce amin. Kun ji? Ya ce amin a kan ramin banza.

Ruwa ya sauka, ya zauna. Gonaki suka yi kore, tasa sai ciyawa. Ya ce zabin daji ne suka tone. 'Yan uwa suka ji tausayi, muka ɗauki fartanya muka je mu taya shi. Lawal, mai bakin barkwanci, ya ce, "Kai, dawarka kunyar baƙi take ji ne?" Aka yi dariya. Baba Habu bai yi ba. Ya durƙusa ya tona rami da yatsa, ya tona wani, ya tona wani. Babu ɓawon iri, babu sawun zabo.

Hasana ta kawo mana ruwa, goyo a baya. Ta dubi ramukan, ta dubi mijinta, ta ce a hankali, "Maigida, kunun nan da na sha?"

Nan muka gane inda irin ya tafi.

Duk da haka ƙofa ba ta rufu ba. Baba Habu ya ce masa, "Ɗana, gobe za mu cire dawar da ta yi cunkoso a gonakinmu. Ka zo ka kwashi dashe, ƙasa na da laima. Ka tsaya gaban ikilisiya ka faɗi abin da ka yi, shi ke nan." Ni kaina na ce zan ba shi nawa, don gonata ta fi ta kowa fitowa.

Kunya ta fi masa yunwa zafi. Kafin gari ya waye ya kama hanyar Doguwa, wajen haƙar kuza. Dashen da muka tara masa ya yi yaushi a gindin tsamiya. Hasana ta koma gidan ubanta a Tudun Wada, inda su ma babu. Nono ya ƙafe, jaririn bai ga kaka ba. Da rani wani Zailani ya dawo daga duwatsu ya ce rami ya rufta da mutumin nan, ba a ma tono shi ba.

Ba zan ruɗe ku ba, mu da muka daure ba mu cika rumbu ba. Mun binne tsofaffi, mun binne yara. Abin da muka girbe da ƙyar ya kai mu wata damina. Amma ya kai mu.

Ya 'yan uwa, yunwa ce ta kashe mutumin nan? Mu ma mun ji ta. Yanke ƙauna ne, ya ɗora ƙarya a kai, aka miƙa masa hannu ya ƙi kamawa. Nawa ne cikinku ke zuwa sujada, suna sunkuyawa, suna cewa amin, zuciya kuwa ta riga ta sallama? Yesu Almasihu bai yi mana alkawarin ba za mu sha wuya ba. In ta ƙone, ka sake shukawa. In ka faɗi, ka faɗa wa 'yan uwa tun da sauran laima.

Ubangiji ya kiyaye mu da gajiyar zuciya, ya kiyaye mu da kunyar da ke hana tuba. Amin.