Kurege da Dokar Cacar Sukuwa

Ga ta nan tafe, kowa ya gyara zama.

A garin namun daji, duk ranar kasuwa ana sukuwar dawaki a fako, manya suna zuba caca. Kura ta ajiye cinya, Giwa damin dawa, Ɓauna buhun gyaɗa. Kuma kullum da dambe ake tashi. Ran nan Zaki ya gaji, ya sa aka yi shela: daga yau Kunkuru kaɗai ke riƙe kayan caca. In dawaki suka tashi, ya shige cikin ƙoƙonsa har a gama, kada ya nuna son kai. Duk wanda ya riƙe kayan ba shi ba, a datse masa wutsiya.

Kurege ya ji. Rumbunsa fayau, cikinsa na kuka, amma ya shafa wutsiyar nan tasa mai gashi buzu-buzu ya ce, "Ni Kurege ɗan rami! Doka ta hana riƙo, ta hana duba?"

Da gari ya waye ya naɗa rawani wanda ya fi shi girma, ya baza yashi a bakin hanya. Kura ta zo, ya zana ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, farin doki. Kada kowa ya ji." Giwa ta zo, ya ce baƙi. Ɓauna ta zo, ya ce mata ja. Aka yi sukuwa, baƙi ya ci. Giwa ta kawo wa malam sadakar dawa har da guɗa. Kura da Ɓauna suka zo da kumfar baki.

"Kun yi alwala kafin ku zuba?"

Suka dubi juna.

"To, ni me zan yi muku?"

Dawa ta ƙare, kwaɗayi bai ƙare ba. Kurege ya tare Kunkuru a hanya ya durƙusa. "Baba, ba ka ji ba? Sarki ya mai da sukuwa hayin rafi." Kunkuru ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ya juya, ya kama hanya a sannu.

Da gari ya waye, Kurege ya kifa tsohuwar ƙwarya a baya, ya yaɓa mata laka, ya naɗe wutsiya ya cusa ciki, ya je fako ya zauna a gurbin Kunkuru. Kaya suka taru a gabansa tuli.

Kura ta sunsuna ta ce, "Baba Kunkuru, yau ƙanshin gyaɗa kake."

"Tsufa ne, 'yar nan. Ajiye ki matsa."

Aka buga ganga, dawaki suka zabura. Kurege ya shige ƙwarya kamar yadda doka ta ce, yana dumbuzar gyaɗar Ɓauna ta ƙarƙashi. Sai ƙasa ta ɗauki rawa, rugugu, rugugu, taro na ihu, "Ja! Ja! A'a, fari!" To, kun san kurege. Ko ganye ya motsa sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya gani. Ya daure. Ya ƙara daurewa. Can sai ga Kunkurun ƙarya tsaye ƙiƙam, ƙwarya a ka kamar malafa, wutsiya a sama, kumatu cike, yana ihu, "Matsa masa, ɗan fari!"

Kowa ya juyo kansa.

Giwa ta ce, "Malam, kai ne?"

"Kun yi alwa..."

Ɓauna ta ɗebe shi da ƙaho, ƙwarya ta tarwatse. Zaki ya daka tsawa, "A kawo wutsiya!" Kurege ya bi ta tsakanin ƙafafun Giwa, ya tsere wa dawakin ma, ya faɗa rami. Kura ta kai cafka, ta tashi da gashi cike da baki.

Daga can ciki, haƙarƙari na zogi, wutsiya a fige kamar tsohuwar tsintsiya, ya leƙo yana taunar gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, gashi ne, zai tsiro! Amma tsakani da Allah, yau wa ya zo na ɗaya? Duk wanda ya zuba a kaina, ya zo a raba!"

Ƙurunƙus, a bakin ramin kurege.