Layin Da Garrett Ya Cire

Akwai wani mutum mai suna Garrett Lindqvist, shi ke kula da shafin intanet na hukumar wani ƙaramin gari a arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

A watan Afrilu aka ba shi aikin sabunta ƙirar shafin sanarwa. A cikin ƙirar akwai gurbin da ma'aikata ke zuba rubutu, da maɓallai jere a samansa: na kaurara harafi, na launi, na jan layi a kan kalma don soke ta, da sauransu.

Garrett ya bi su ya tsince, ya bar uku kacal. Ya kuma saita gurbin yadda duk abin da aka kwafo aka liƙa, zai wanke masa ado ya bar zallar kalmomi.

Ranar da yake nuna wa ma'aikata sabon tsarin, Marlys Thibodeau ta ɗaga hannu. Ita ce magatakardar ofishin, shekararta ashirin da bakwai tana rubuta sanarwar garin, tun ana manna ta a ƙofar gidan waya.

Ta ce, "Garrett, ina maɓallin soke rubutu?"

"Na cire shi. Ƙazanta yake jawo wa shafi."

"To ai mu nan ba ma goge abu a sanarwa. Layi muke ja masa, don wanda ya karanta jiya ya ga abin da ya canza yau. Mutanen sashen ruwa ma haka suke turo mana takardunsu. In na liƙa rubutun da aka ja wa layi, me zai faru?"

"Zai fito tas."

"Tas da layin, ko tas babu layin?"

Garrett ya yi 'yar dariya ya dubi sauran. "Marlys, in kina so sai na sa miki maɓallin tafireta ma, har da ƙararrawarta. Ki bar wa masu aikin aikinsu, ke dai ki liƙa kawai."

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ake yi ana kallon tebur. Marlys ta koma teburinta. Da rana ta tura masa saƙo mai layi biyu, tana roƙon su gwada tare ko da minti biyar ne. Ya gani, ya wuce.

Bayan sati shida babban bututun ruwan garin ya fashe. Aka fitar da sanarwa cewa kada kowa ya sha ruwan famfo sai ya tafasa. Kwana uku mutane na fama da tukwane, wayar ofis ba ta hutawa.

Ranar Alhamis da misalin goma na safe sashen ruwa ya turo jerin titunan da gwaji ya nuna ruwansu ya gyaru. Marlys na kan waya, wani tsoho ya riƙe ta da ƙorafi.

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce wa Garrett, "Ka jira ni minti biyu, mu duba tare."

Garrett ya ce, "Kafin ki gama neman tabaranki na gama."

Ya kwafa, ya liƙa, ya wallafa. Ko kallon takardar bai yi da kyau ba. Nan take saƙo ya tafi wayoyin mutanen gari cewa an sabunta sanarwa. Ya ɗauki kofinsa ya nufi ɗakin shayi yana fito.

Bai kai ga zuba kofi ba wayarsa ta motsa. Saƙo ne daga ƙanwarsa Corinne, wadda ke da jaririya 'yar sati biyar da ake haɗa wa madarar gwangwani.

"Na ga titinmu a jerin. Na huta da tafasa ruwa. Yarinyarka ta tashi da yunwa, bari na haɗa mata."

Garrett ya tsaya. Titin Alder, inda gidan Corinne yake, ai a ƙarshen bututun yake, yaya za a yi ya riga wasu gyaruwa? Ya buɗe takardar sashen ruwa a wayarsa.

Tituna goma sha huɗu ne. Uku daga ciki an ja musu layi, gwajinsu na biyu bai yi kyau ba. Alder na cikinsu.

Ya buɗe shafin gari. Goma sha huɗu cif, babu layi ko ɗaya. Gurbin da ya saita da hannunsa ya wanke layin ya bar sunayen.

 Ya kira Corinne, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya san halinta, in tana hidimar jaririya wayar na can kan kujera an kashe mata sauti. Daga ofis zuwa Alder tafiyar minti ashirin ce a mota, haɗa madara kuwa ba ya cin minti uku.

Ya koma ofis da gudu. Ya tarar da Marlys a tsaye, ta buga takardun biyu ta jera su a tebur, ta aza rula a kai. Haka take yi wa kowace sanarwa, kuma haka yake yi mata ba'a a kai.

"Marlys, Corinne..."

"Na sani. Zauna ka gyara shafin."

"Ba ta ɗauka. Za ta ba yarinyar."

"Na ce zauna."

Wayar tebur na kunnenta tun kafin ya shigo, tana kiran wata maƙwabciyar Corinne. Ta ce, "Odette, ni ce. Ajiye duk abin da kike yi ki tsallaka gidan Corinne, mai shuɗiyar ƙofa. Kada ki tsaya ƙwanƙwasawa. Ki ce kada ta taɓa ruwan famfo. Kada ki kashe, ina jira."

 Garrett na jin takun matar ta cikin wayar, da hakinta, da ƙarar ƙofa. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan mintin ba.

Can Marlys ta lumshe ido. "Ta haɗa, tana girgiza kwalbar Odette ta shiga. Ba ta ba ta ba."

Sai a lokacin Garrett ya zauna kan kujera. Marlys ko kallonsa ba ta yi ba, ta raba wa ma'aikata lambobin sauran gidajen titunan uku, ta ce a kira 'yan kwana-kwana su zaga da lasifika.

Garrett ya jawo madannan kwamfuta. "Bari na goge sunayen ukun."

"A'a. In ka goge, wanda ya riga ya ga titinsa ba zai san an canza ba, zai ɗauka idonsa ne. Ka ja musu layi, ka rubuta a sama cewa mun yi kuskure."

Ya dubi saman gurbin. Maɓallai uku. Ba abin da zai ja layin da shi.

A gaban kowa ya buɗe saitin ƙirar, ya dawo da maɓallin da ya ce ƙazanta ne. Minti biyu bai cika ba. Ya ja layi a kan Alder da sauran biyun, aka sake tura saƙo.

Duk da haka gidaje huɗu sun riga sun sha. Wani dattijo ya kwana biyu a asibiti kafin ya dawo gida.

Da yamma shugabar ofis, Rhonda Kessel, ta tara su ta tambayi yadda aka yi. Saƙon nan mai layi biyu yana nan a kwamfutar Marlys, da kwanan watansa. Garrett ya san yana nan. Ya jira ta buɗe.

Sai Marlys ta ce, "Takardar ta wuce ba a duba ba. Daga yau mutum biyu za su riƙa dubawa."

Kunya ta rufe shi, har ya fi son da ta tona shi. Ya miƙe ya ce, "Ni ne. Ta gaya min tun Afrilu, na mayar da ita abin dariya."

An rubuta masa takardar gargaɗi, kuma ya cancanta. Washegari ya jawo kujera kusa da teburin Marlys da littafi a hannu, ya ce ta nuna masa yadda take aiki kafin ya sake taɓa wani gurbi.

Ta zaro rularta daga aljihun tebur ta miƙa masa. "Fara da wannan."

Sanarwar tana nan a shafin har yau, bai goge ta ba. Duk wanda ya buɗe zai ga titin ƙanwarsa da layi a kai.

Darasi: Iya na'ura daban, sanin mutanen da za su yi aiki da ita daban. Kafin ka cire abin da ka ga ba shi da amfani, ka tambayi wanda ya daɗe yana amfani da shi, kuma in ya yi magana ka saurara ko da ba da yaren ƙwararru ya faɗa ba. Ku tura wa abokan aikinku, musamman wanda ba ya jiran minti biyu.