Minti Huɗu na Ustad Rehmat Din

Akwai wani matashi a nan Lahore mai suna Shahzeb, makaɗin jita, jagoran wata ƙungiya ta mutum huɗu. Irin kiɗan rok ɗin nan mai dogon zango suke yi, wanda waƙa guda kan ci minti ashirin tana sauya tafiya. Ba hukuncin kiɗa ya sa na ɗauki alƙalami ba, malamai sun yi bayaninsa. Haƙƙin ɗan Adam nake son mu duba.

Shekara biyu suka yi suna shirya albam ɗinsu na farko, kuma sun yi alkawari tsakaninsu: in bai karɓu ba, kowa ya kama gabansa. Mai gangarsu Taimur ya ba da shawara a gayyato Ustad Rehmat Din, wani dattijo mai gogen sarangi, ya cike tsakiyar babbar waƙar albam ɗin.

Dattijon ya zo situdiyo, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya yi bisimilla, ya ja gogensa minti huɗu. Da ya gama, ya sa takalmansa ya tafi.

Ranar haɗa sauti, Shahzeb ya je shi kaɗai. Ya sa ma'aikacin situdiyon ya ɗaga sautin jitarsa, ya danne gogen har sai an kasa kunne ake jinsa. Ya sa aka dunƙule sautukan wuri guda, aka share na asali, don kada wani ya sake taɓawa. A bangon albam kuwa bai sa sunan dattijon ba.

Da Taimur ya ji, sai ya ce, "Kai mutumina, ina Ustad ya shiga? Ko jitarka ta haɗiye shi?"

Shahzeb ya ce, "Mu 'yan rok ne, ba makaɗan biki ba. So kake a ce mun ɗauko kakanmu ya raka mu?"

"Kakan naka ya fi ka hannu, wallahi."

"Kai dai buga gangarka, sarkin tausayi."

Albam ya fito. Sati uku ba wanda ya kula shi. Sannan wata marubuciya ta yi sharhinsa a jarida, ta ce: "Gwaninta ce mai yawa, amma ba ta taɓa zuciya. Sai dai a minti na goma sha ɗaya na babbar waƙar akwai wani yana kuka a bayan bango. Wane ne shi?"

Tambayar ta bazu, aka gane kukan gogen take nufi. Mutane suka riƙa sayen albam saboda minti huɗun nan kawai. Masu shirya wani babban taron kiɗa a Karachi suka aiko musu da gayyata, bisa sharaɗi guda: su zo da mai gogen. Wannan ce damar da za ta riƙe ƙungiyar.

Bayan la'asar Shahzeb ya sayi alawar jalebi mai zafi, ya nufi gidan dattijon a tsohon gari. Ya tarar da Ustad kishingiɗe, hannunsa na dama a kan cinya, ba ya motsi. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi wata guda bayan zuwansa situdiyo.

Shahzeb ya durƙusa, ya faɗi abin da ya aikata duka, bai rage komai ba, sannan ya kawo maganar gayyatar Karachi.

Ustad ya ce, "Na yafe, ɗana. Jalebin dai kai za ka ci, likita ya hana ni. Karachi kuma ka gani da idonka. Amma ban taɓa jin albam ɗin ba. Wannan ne jan goge na ƙarshe da Allah ya ƙaddara mini. Kunna in ji."

Shahzeb ya sa faifan a rediyon gidan, ya kai minti na goma sha ɗaya. Dattijon ya karkato da kunnensa, ya runtse ido, ya daɗe yana nema.

Can ya ce, "Ɗana, ɗan rage jitar nan. Ba na jin kaina."

Shahzeb ya murɗa maɓallin a hankali. Jitar ta yi ƙasa, gogen ya riga ta ɓacewa.

Ba su je Karachi ba. Taimur ya kwashe gangunansa a makon, sauran biyun suka bi shi.

Darasi: Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Wanda ya danne aikin ɗan'uwansa don nasa ya fito, ya sani cewa ana iya samun yafiya, amma ba kowace ɓarna take gyaruwa ba. Ku ambaci mai alheri da sunansa tun yana iya ji. Ku tura wannan ga duk wanda Allah ya ɗora a kan aikin jama'a, ko ya zama tunatarwa gare mu baki ɗaya.