Kalmar da Aka Rubuta a Bangon Zaure

An ce wai a wani gari na bakin daji, inda mutane ba sa tafiya kasuwa sai sun yi wasiyya, an yi wata malamar makaranta mai suna Kubura. Mijinta Tanimu ya sa na'urar waifai a gidansu, 'yar akwatin nan mai ba wayoyi intanet, ya kulle ta da kalmar sirri. Da Allah ya yi masa rasuwa, gida ya cika da masu ta'aziyya, kowa na neman kiran dangi na nesa. Sai ƙanensa ya ɗauki gawayi ya rubuta kalmar a bangon zaure, kamar yadda ake ajiye randar ruwa don baƙi.

Makoki ya watse, rubutu bai goge ba. Kubura ta san ya kamata ta canza kalmar, don ita ke koya wa ɗalibai haka. Amma da hannun mijinta aka sa ta, kuma ranar da ta ambaci canzawa surukarta ta ce, "Ko arba'in bai yi ba za ki rufe wa maƙwabta ƙofarsa?" Sai ta bari.

Tana cikin takaba aka tare Alhaji Nomau dillalin shanu a hanya, aka kashe shi. Masu bincike suka gano cewa wani ya aika wa 'yan bindiga saƙon sa'ar fitarsa da launin motarsa, kuma saƙon ta na'urar gidan Kubura ya fita. Aka tafi da ita da kayan takabarta. Ba a sami kome a wayarta ba, aka ce ai ta jefar da wadda ta yi aikin da ita. Kwana saba'in ta yi a tsare. Makaranta ta sallame ta, dangin miji suka ɗauke 'yarta, babu wanda ya kai mata ko kunu. Kullum a ce ta amsa laifi a sassauta mata, kullum ta ce, "Ban yi ba, kuma ba zan roƙi kowa a kan abin da ban yi ba."

Aka kai ta gaban Alƙali Yusha'u, tsoho ne wanda ko saƙon waya sai an karanta masa. Babban mai shaida shi ne Mamuda tela, wanda shagonsa ke jingine da katangarta.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Mamuda, "da idona na gan ta ranar tana raɗa a waya a bayan ɗaki. Mace ce mai ji da boko, ko gaisuwa sai ta ga dama."

Alƙali ya dubi 'yar akwatin da aka ajiye gabansa, ya juya ta, ya ce wa Kubura, "'Yata, ni ban san wannan abu ba. Yaya yake gane mutanensa?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, baƙuwar waya sai ta faɗi kalma yake buɗe mata. Wadda ta taɓa shiga kuwa ba ta sake sallama, da ta ji shi kusa sai ta shige da kanta."

Alƙali ya ɗage shari'a, ya ce gobe duk magidantan layin su Kubura su zo.

Washegari kotu ta cika. Alƙali ya ce, "Duk wanda ya taɓa shiga na'urar matar nan, ko sau ɗaya, ya miƙe." Aka yi ta kallon juna. Mai shayi ne ya fara miƙewa yana sosa ƙeya, sai ladan, sai mai unguwa da kansa, har mutum talatin da wani abu suka tsaya kai a sunkuye. Mamuda bai motsa ba.

"Kai fa, tela? Bango ɗaya ya raba ku."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba. Ko kalmar ban sani ba. Me zan yi da kayan mace mai takaba?"

"Madalla. Miƙo wayarka."

Aka jona na'urar da wuta. Magatakarda ya kunna waifai a tasa wayar, ta tsaya tana neman kalma. Ya kunna a ta Mamuda, kafin ya ɗauke yatsa ta shige. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Alƙali ya ce, "Waɗannan da suka miƙe sun sha abin gwauruwa ba da izini ba, sun ji kunya, kunyar ta ishe su. Kai da ka zauna, ka zaɓi rantsuwar ƙarya a kan 'yar kunya, kuma mutum ba ya yin haka sai yana ɓoye abin da ya fi ta nauyi. Bakinka ya ce bai san gidan ba, wayarka ta shiga ba sallama. A tafi da shi, a tone ta."

Aka tono saƙon da ya goge, da wasu biyu da ya aika a kan mutanen da tuni aka binne. Alƙali ya sallami Kubura, ya ce, "Ba ki da laifin jini. Sakacinki kuwa kin biya shi fiye da kima."

Ba a mayar da ita aiki ba, don an ba wani gurbinta. 'Yarta ma sai da ta yi wata guda tana zarya kafin a dawo mata da ita. Amma ranar da ta koma gida, kafin ta sha ruwa, ta canza kalmar, ta sa doguwa mai haruffa da lambobi wadda ba sunan kowa ba ce, ba ta rubuta ta ko'ina ba. Da la'asar matan layi suka zo barka. Ana cikin hira matar mai unguwa ta duba wayarta ta ce, "Malama, abin naki ya daina kamawa. Mece ce sabuwar?"

Kubura ta ce, "Yaya, ga tabarma, ga ruwa, in an dafa ki ci. Wannan kuwa kwana saba'in na saye ta, ni kaɗai."

"To! Rowa ta zo layinmu."

"Ta zo, kuma ta zauna ke nan."

Daga nan masu hankali suka ce: abin da duk wanda ya aikata laifi da shi sunanka za a kira, kada kunyar maƙwabci ta sa ka bar shi a buɗe, domin ranar tambaya kai kaɗai za ka tsaya.