Mai Burodin da Ba Ya Bin Hanyar Maƙabarta

Akwai wani dattijo mai gasa burodi a garinmu na Pomuch, sunansa Eleuterio Haas, amma kowa Don Telo yake ce masa, Don kuwa laƙabin girmamawa ne a wurinmu. Burodinsa muka ci muka girma. Mutum ne mai sakin hannu da son raha, sai dai akwai abu guda da duk gari ya san shi da shi, wato tsoron mutuwa.

Ba irin tsoron da ni da kai muke yi ba, nasa ya wuce misali. Idan zai kai burodi unguwar gabas, hanyar miƙaƙƙiya ce, amma ta ƙofar maƙabarta ta bi. Sai Don Telo ya zagaya da kekensa mai ƙafa uku ta can bayan gari, ya iso yana haki, burodi ya huce. Shekara hamsin yana wannan zagaye.

Ga shi kuma a garin da bai dace da shi ba aka haife shi. Mu a nan, idan mamaci ya cika shekara uku a kabari, sai a fito da ƙasusuwansa a share su tas, a jera a ɗan akwatin katako, a kan farin ƙyalle mai ɗinkin furanni da sunansa. Duk ƙarshen Oktoba, kafin ranar da matattu ke kawo ziyara gida, iyali su je su sake sharewa su canza ƙyalle. Wanka ne da sabon kaya, kamar yadda za ka yi wa tsohonka ana gobe biki.

Yana ɗan shekara bakwai kakarsa ta ɗora masa ƙoƙon kan kakansa a hannu, ta ce, "Riƙe min shi, ka gaishe shi." Ya saki ya ranta a na kare. Tun daga ranar bai sake taka wurin ba.

Matarsa Genoveva, wadda yake kira Beba, ita ce ta rufa masa asiri. Ita ke share iyayenta, ita ke share nasa. In ta dawo sai ta kaɗe zaninta a bakin ƙofa ta ce, "Babarka tana gaishe ka. Ta ce wai har yanzu ɗan nata matsoraci ne?"

"Ki ce mata aiki ya yi min yawa."

"Na gaya mata. Ba ta yarda ba."

Akwai kuma Anastasio Uc, wanda ake kira Tacho. Benci ɗaya suka zauna a makaranta shi da Telo. Da suka girma Tacho ya kama aikin maƙabarta, yana tono, yana kuma share ƙasusuwan waɗanda ba su da kowa. A nan ne halin Don Telo ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ya daina ba shi hannu. In Tacho ya zo sayen burodi, ta taga ake miƙo masa. Har suna ya laƙaba masa, wai Ungulu, yara suka ɗauka suna bin bawan Allah da shi a titi. Tacho bai taɓa ramawa ba.

Ana nan ciwo ya kama Genoveva. Wata shida tana kwance a ragar lilo da suke kwana a ciki, tana ramewa, amma zare da allura ba su bar hannunta ba. Telo ya san ƙyallen me take ɗinkawa. Ko sau ɗaya bai yarda idonsa ya sauka a kai ba.

Wata ranar da yamma ta kira shi.

"Telo, zauna. Abu ɗaya nake so, ban taɓa roƙonka irinsa ba. Ranar da za a fito da ni, kai za ka share ni da hannunka."

Ya ce, "Haba Beba, wace irin magana ce wannan? Za ki warke."

"Kai dai ka iya gasa burodi, amma ba ka iya ƙarya ba. Shekara arba'in da ɗaya ba namijin da ya ga jikina sai kai. Don na mutu sai ka miƙa ni ga Tacho? Ka yi min alkawari."

Ya yi mata alkawari. Me zai ce? A ransa yana ganin shekara uku ai da nisa.

Bayan kwana tara rai ya yi halinsa. Da aka ɗauki gawar, Don Telo ya raka ta har kwanar maƙabarta, nan ƙafarsa ta ƙi gaba. A tsaye ya yi kukansa, ya jingina da bangon wani gida.

Kewa ta ci mutumin nan. Kullum da safe kofi biyu yake saukowa da su, sai ya zo zubawa ya tuna. A raga kuwa gefen dama yake takurewa, ya bar mata hagu kamar da. Wani lokaci ya ji wata mata tana dariya a titi, ya fito da gari a hannu yana dube-dube. Yana son ganinta kamar ransa zai fita, ga ta can tafiyar minti goma daga gidansa, amma ya kasa zuwa.

A shekara ta uku ya yanke jiki ya faɗi a gaban tanderu. Likita a birni ya ce zuciyarsa ta gaji, a bi ta a hankali. Likita dai a hankali ya ce, amma Don Telo sai ya ji kamar an ce ya shirya. Ya kashe tanderu, ya rufe shago. Ya koma zama a kujera, yatsu biyu a wuyan hannu, yana sauraron bugun jininsa. Bai mutu ba, amma rayuwar ma ya daina.

Ran wata Alhamis 'yarsa Marbella ta zo da ƙunshi a hammata.

"Baba, jibi za a buɗe Mama. Ga ƙyallenta, kafinta ma ya kawo akwatin da ta sa ya yi tun tana da rai."

"Jibi? Wa ya ce shekara uku ta cika?"

"Ta cika har da wata biyu."

"Marbella, kin san zuciyata. In na shiga wurin nan ba zan fito da ƙafata ba."

"Ni ba ni na yi alkawari ba, Baba."

Ranar Asabar ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya bi bayan 'yarsa. Suka isa kwanar nan. Ya hango ƙofar a buɗe, mutane na shiga da furanni da bokitin fenti, wasu har suna hira suna dariya. Ya ja ya tsaya.

"Ki ce wa Ungulu ya yi kawai," in ji shi. "Ki ce wa mamarki ta yafe min."

Ya juya gida. Ya shiga shagon da ya rufe, ya zauna a gaban tanderu mai sanyi. Kunyar kansa ta ishe shi, amma tsoron ya fi kunyar ƙarfi.

Rana ta take tsaka, sai ga Marbella ta dawo, fuskarta jawur.

"An gama?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ba a fara ba. Don Tacho ya fito da ita, ya shimfiɗa buhu ya ajiye ta, ya lulluɓe da mayafi, ya nemi dutse ya zauna. Na roƙe shi har na gaji. Ya ce ko burushi ba zai ɗauka ba. Ni ma ya hana ni. Tun safe Mama tana kwance a ƙasa cikin ranar nan."

Don Telo ya ɗago. "A rana? Genoveva? Matar da in ta je kasuwa ba laima sai ta kwana biyu da ciwon kai?"

Ya miƙe. Tsohuwar laimarta na rataye a bayan ƙofa inda ta bar ta. Ya fizge ta ya fita yana faɗa, "Wannan wane irin rashin hankali ne, a bar mace a rana!"

Miƙaƙƙiyar hanya ya bi. Ya wuce kwanar bai ma lura ba. Sai da ya buɗe laimar a kan mayafin, inuwa ta rufe ta, sannan ya waiwaya ya ga inda yake. Hagu da dama akwatuna ne a gurabensu a jikin bango, kawuna suna leƙowa ta saman fararen ƙyallaye. Ya durƙusa a gefenta.

Tacho ya dubi rana, ya dube shi. "Mutumina, ka makara awa biyar. Ai ta ce min za ka kai haka. Ta ce ranar aurenku ma sai da fadan coci ya cire rigarsa zai tafi, sannan ka iso."

"Ita ta ce ka jira ni?"

"Ta aika aka kira ni ana saura mako ta rasu, kana wajen tanderu. Ta ce, 'Tacho, zai gudu. Ka bar shi ya gudu. Kai dai ka ajiye ni a rana.'"

Marbella ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

Tacho ya miƙo ɗan burushi. "Daga ƙafa ake farawa, kai ne ƙarshe. Ka riƙa yi mata magana, kada ta ji hannu ba ta san na wa ba ne."

Don Telo ya ɗaga mayafin. Ya runtse ido, ya buɗe. Abin da ya shekara sittin yana gudu ke nan, ga shi bai fi ƙunshin itacen girki ba. Ya ɗauki ƙashi na farko, ya ji ba nauyi.

"Beba, ni ne," ya ce. "Na zo. Ki yi haƙuri."

Ya share ɗaya, ya share biyu. Yana yi yana ba ta labari: jikarsu ta yi aure, itacen lemon da ta dasa ya fara 'ya'ya, maƙwabciyarsu har yanzu ba ta dawo da tukunyar da ta ara ba. Da ya zo hannun hagu sai yatsansa ya ci karo da wani ɗan ƙulli kusa da wuyan hannu. Ya tsaya cak.

Ya san wurin nan. Suna saurayi da budurwa ya ɗauko ta a keken burodi, yana son ya burge ta, ya saki birki a gangara, suka kife a cikin gonar masara. Ta karye a nan. Tana kuka tana zaginsa, a ranar ya ce zai aure ta. Shekara arba'in da ɗaya in sanyi ya sauko, nan yake murza mata.

Ya ɗora babban yatsansa a kan ƙullin ya murza a hankali. Sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai samu ya yi ba a kwanar titi. Ba wanda ya hana shi. Tacho ya karɓi laimar ya riƙe musu su biyu.

Da ya gama da kai, ya gyara mata ɗan gashin da ya rage, Marbella ta jawo akwatin ta shimfiɗa ƙyallen. Nan ya ga akwatin ya fi na kowa faɗi. A gefen hagu na ƙyallen an ɗinka Genoveva da jan zare, furanni sun kewaye. A dama ma furannin ne, amma tsakiyarsu fari fat, ba suna.

"Kafinta ya yi kuskuren awo," in ji Don Telo.

"Ba kuskure," in ji Tacho. "Ta ce a jera ta a hagu, dama taka ce, ko ba nan kake kwana ba? Ta kuma ce in gaya maka kada ka yi gaggawa. Wuri na nan, ba mai zama. Wai ta samu hutun minsharinka, ka bar ta ta more."

Don Telo ya daɗe yana kallon gurbin. Ya sa hannu ya auna, taƙi biyu ne. Duk tsawon rayuwarsa yana ganin mutuwa rami ne mai duhu marar iyaka. Yau ya ga nasa rabon, ɗan wuri ne kusa da matarsa, an ma yi masa shimfiɗa.

Ya jera ta da hannunsa. Sannan ya juya ya miƙa wa Tacho hannu, hannun da ya hana shi tun suna samari.

"Anastasio, na zalunce ka."

"Ka zalunce ni ƙwarai," in ji Tacho, ya riƙe hannun gam. "Kuma burodin taga kullum ƙonanne kake zaɓo min, kada ka ɗauka ban lura ba."

Ranar Litinin hayaƙi ya tashi daga tanderun Don Telo. Burodin farko da ya fito, a keke ya ɗora shi, ya bi miƙaƙƙiyar hanya, ya tsaya a ƙofar maƙabarta. Ɗaya na Tacho, ɗaya na Genoveva.

Ya ƙara shekara shida a duniya, yana gasa burodi, yana canza mata ƙyalle. Ƙyallen farko kuwa ya sa Marbella ta wanke ta adana. Bara ta fito da shi, ta sayo jan zare, ta cike gefen dama da sunansa.

Darasi: Mutuwa ba ta fasa zuwa don mun zagaye hanyarta, sai dai tsoronta ya cinye mana kwanakin da muke da su, ya hana mu cika alkawari da neman gafarar waɗanda muka ɓata wa. Wanda ya yarda kwanansa ƙidayayye ne, shi ke sanin darajar yau. Ku tura wa wani da kuka san tsoro ko kewa ta zaunar da shi, wataƙila yau ya tashi ya hura tanderunsa.